Rigunan Soja a Ƙofar Tela

A shekarun da nake koyar da Hausa a wata sakandare a Bodinga, ina da sana'a ta biyu wadda ba ta taɓa ciyar da kowa ba: ina aika wa wata tashar rediyo ta Sakkwato rahotanni. Farashin albasa, rijiyar da ta rufta, takin gwamnati da aka ce ya iso amma manoma ba su ji ko warinsa ba. Editan tashar dattijo ne da ya koyi aikin tun zamanin da ake yanka tef da reza. Duk abin da na kai masa sai ya tambaye ni wa ya faɗa, wa kuma ya gani da idonsa, sannan ya tura ni in nemo wanda ake zargi in ji ta bakinsa. Kafin labarina ya cika waɗannan sharuɗɗa, sau da yawa an riga an yashe rijiyar, har an ci gaba da shan ruwa.

Akwai wani ɗan jaridar a garin, kuma ni na koyar da shi. A aji, in na ba da insha'i, yakan rubuta kan magana da manyan baƙaƙe, ya ja masa layi, ya ƙawata shi da jan biro, sai ya miƙo takarda. Na sha gaya masa cewa kan magana ba insha'i ba ne. Daga baya zamani ya nuna cewa ni ne ban fahimci inda duniya ta dosa ba. Yana gama makaranta ya buɗe shafi a intanet, kuma kafin a ankara babu mai wayar zamani daga Bodinga zuwa Shagari da ba ya leƙa shi. Kowane labarinsa da ɗumi-ɗumi yake zuwa, har da rasuwar wani ɗan kasuwa wanda daga baya ya zo da ƙafarsa ya yi masa godiya a kan addu'o'in da ya samu. Mai shafi ake kiransa. In mun haɗu yakan rusuna ya ce, "Malam, ai mu ɗiyanku ne cikin aikin ga."

A wannan shekarar shugaban makarantarmu ya ce a yi wasan kwaikwayo kan zaman lafiya a bikin ƙarshen zango, tunda manya za su zo daga ƙaramar hukuma. Ni ke kula da ƙungiyar wasan. Na rubuta abu mai sauƙi: ɓarayi su shiga ƙauye, sojoji su zo su kore su, manya su tafa. Suturar ɓarayi ba ta da wuya, tsumma da rawani sun wadatar. Sojoji kuwa sai da riga. Shugaba ya sayo yadi mai dabbare-dabbare a kasuwar Sakkwato, ya ce in kai wa tela.

Telan mutumin Sifawa ne, ya manyanta, gemunsa ya fara fari, shagonsa na dab da tasha. Shi ke ɗinka wa yawancin ɗalibanmu yunifom. Wayarsa irin ƙaramar nan ce mai tocila, ya ɗaure ta da roba. Yana da ɗabi'ar telolin kasuwa: in ya gama ɗinki sai ya rataye shi a igiya a ƙofar shago. Talla ce, kuma saƙo ne ga mai kaya. In ka zo wucewa ka hango rigarka tana lilo, ka san ta kammala, ba sai an aika maka ba.

Na ce masa, "Baba, rigunan soja nake so, amma na yara."

Ya juya yadin, ya murza shi a yatsa. "Soja? To, Allah shi sa kar su yi muna juyin mulki a makaranta."

Ana cikin shirin biki aka kai hari wani ƙauye can bayan Lambara, a ƙasar Shagari. Maharan sun zo sanye da kayan soja. Mutanen ƙauyen da suka hango su sai suka fito daga inda suka ɓuya, suna murna taimako ya iso. A bakin hanya aka harbe su, wasu hannunsu na sama suna gaisuwa. Waɗanda suka tsira suka watsu, wasu Shagari, wasu wajen dangi a Bodinga. Daga ranar kalma ɗaya ta cika bakin kowa: infoma. Wa ke nuna musu hanya, wa ke kai musu burodi da fetur, wa ke samo musu kaki. Hukuma ta hana sayar da fetur a galan da kwalba, 'yan bumburutu suka kwashe tebura daga bakin titi. Mutum in ya daɗe yana waya shi kaɗai sai a fara kallonsa.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, rana ta riga ta fara cin ƙeya. Na fito daga aji ke nan malamin lissafi ya miƙo mini wayarsa. Hoto ne: ƙofar shago, igiya, rigunan soja a jere, tela a zaune kan kekensa ya ɗago kai yana murmushi, da alama ya zaci mai hoton gaishe shi yake. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa asirin telan da ke ɗinka wa 'yan bindiga kaki ya tonu a tsakiyar Bodinga. A ƙasa babu komai. Na gane salon tun kafin in duba sunan shafin.

Na kira shi. Ya ɗauka da fara'a.

"Malam, barka da hantsi. Kun gani ko?"

"Na gani. Rigunan makarantarmu ne, na wasan kwaikwayo. Ni na kai yadin da hannuna. Goge shi yanzu."

"Wallahi Malam ban sani ba. Turo man anka yi."

"Ka tambaye shi?"

"Wa?"

"Telan! Daga inda kake zama kana hango shagonsa."

"Malam, in na tsaya tambaya wani ya riga ni. Kuma ko na goge, ya riga ya shiga guruf-guruf. Amma ku ba ni bayaninku, sai in sa shi a matsayin sabon labari. Zai tafi sosai."

Na kashe, na kira editana. Na gaya masa za a kashe mutum a kan ƙarya, kuma ina da gaskiyar a hannu, a katse shiri a faɗa. Ya saurara har na gama. Ya ce ya yarda da ni, amma ni ɓangare ne a maganar tunda ni na kai yadin, don haka in samo muryar shugaban makaranta da ta 'yan sanda, in aiko kafin labaran yamma. Ba zan ce bai yi daidai ba. A littafin aiki haka abin yake. Littafin ne aka rubuta lokacin da ƙarya ma sai ta jira mota kafin ta isa gari na gaba.

Na roƙi malamin lissafi ya ruga ofishin 'yan sanda, ni kuma na tare ɗan kabu-kabu. Muna tafe yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da waya. Ya ce mini a kan kafaɗa, "Malam, ka ji an kama mai ɗinka musu kaya? An ce har bindigogi anka samu ƙarƙashin keke."

Kafin mu isa tasha hanya ta toshe. Na sauka na kutsa da ƙafa. Abin da na fara gani daga nesa hannuwa ne a sama, kowane riƙe da waya, kamar gonar gero ta fitar da kai. Na baya ba sa ganin komai, don haka suna kallon abin da ke faruwa a gabansu ta cikin wayoyin na gaba.

An riga an fito da shi. An ɓalle ƙyauren shago, an watsar da yadudduka, atamfar wata mata tana ƙarƙashin ƙafafu. Yana zaune a ƙasa a tsakiyar fili, babu hula, gefen kansa ya fashe, jini ya bi ta kunne ya jiƙe wuyan rigarsa. Wani ya sa masa ɗaya daga rigunan sojan a ka kamar mayafi don hoton ya fi kyau. Ana dukansa da abin da kasuwa ta tanada: icen rumfa, bel, marfin tukunya, dutsen da ake tokare tayar mota. Duk wanda ya kai duka sai ya ja baya ya ba wani wuri, cikin tsari, kamar masu layin awo. Ba ya ihu. Salati kawai yake, yana kare fuskarsa da gwiwar hannu, in an ɗan sarara ya ce, "Na makaranta ne. Ku tambayi Malam."

Na faɗa cikin filin ina ɗaga hannu. Shekaru ina tsawata wa aji da murya ɗaya, na ɗauka za ta yi aiki a nan. Na ce ni ne Malam ɗin, rigunan na ɗalibai ne, wasa za su yi. Na fizge rigar daga kansa na ɗaga ta a ƙirjina.

"Ku duba! Wannan za ta shiga ƙato? Ko hannuna ba zai shiga ba!"

Wasu suka tsaya. Na ga fuskokin da na sani, iyayen yara, har da wani da ɗansa ne zai fito a kyaftin. Ya sunkuyar da kai, ya sulale baya. Sai wata murya daga tsakiya ta ce, "Ai da ƙananan yara sunka zo! Yara ne sunka fi harbi!"

Wata ta ce, "Shi ya kai yadin, da bakinai ya faɗi!"

"Malamin boko ne, su ka rubuta musu takarda!"

Ban ga wanda ya buge ni ba. Na dai ji tabarau ya bar fuskata, bakina ya cika da gishiri, haƙori ɗaya ya fita, na tsinci kaina durƙushe kusa da tela, ina laluben ƙasa. Wani ya taka mini yatsu. Wani, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ja ni ta wuyan riga ya jingina ni da bangon shago ya ce, "Zauna nan, Malam, in kana son ɗiyanka su gan ka." Daga nan na ga sauran, dishi-dishi, ba tabarau.

Aka gangaro da tsohuwar taya daga wajen masu faci. Aka ɗaga ta aka zura masa a wuya, ta sauka kan kafaɗunsa, nauyinta ya karkatar da shi gefe. Aka fara kiran fetur.

A nan ne abin ya tsaya. Babu fetur. Da a bara ne, taku kaɗan za ka yi ka samu kwalba a kan tebur. Yanzu doka ta kore su, gidan mai kuma yana can bakin gari, ba ya zuba wa kowa a galan. Aka juya kan 'yan kabu-kabu da suka yi da'ira a kan baburansu suna kallo. Su ne suka fi kowa ihun a ƙone shi.

"Kai, kawo tiyo a zuƙo daga tankinka."

"Nawa? Ni rizab nike tun safe, mai ya kusa ƙarewa. Ga wancan, yanzu ya sha mai."

"Ƙarya kake, wallahi da turi na zo!"

"To kai da ka ce a ƙone shi, ba ka da ko rabin kwalba?"

"In na ba ku, da mi zan koma Shagari? Uwarka za ta goya ni?"

Na karanta littattafai da yawa kan abin da ke hana ɗan Adam kisa, tsoron Allah da tausayi da sauransu. Ban taɓa cin karo da tsadar mai a cikinsu ba. Mutum na zaune da taya a wuya, jini na ɗiga daga gemunsa, jama'a kuma na gardama a kansa kan wanda zai yi asarar man yini. Wasu har dariya suka fara. Na hango mai shafi a kan rufin wata bas, ya ɗaga waya da hannu biyu, yana magana a hankali kamar mai sharhin ƙwallo. Kai tsaye yake watsawa. Daga baya na ji abin da yake faɗa: yana kira ga jama'a da su kwantar da hankali, kuma su tura wa 'yan uwa.

Akwai mutum ɗaya da ba ya dariya, ba ya kuma riƙe da waya. Dogo ne, siriri, rigarsa ta yi kwanaki a jikinsa. An gaya mini daga baya cewa daga ƙauyen da aka kai wa hari yake, kuma yana cikin waɗanda suka ce wa iyalinsu su fito, soja sun zo. Bai kai duka ko ɗaya ba tun da aka fara. Da ya ga maganar fetur ta zama wasa, sai ya shiga shagon. Ya fito rungume da kan keken ɗinki, baƙin ƙarfen nan mai nauyi, ya tumɓuke shi daga teburinsa, bel na ja a ƙasa. Mutane suka buɗa masa hanya.

Ya tsaya a kan tela. Ya yi magana a hankali, amma filin ya yi tsit har na ji.

"Da wane hannu kaka yanka?"

Tela ya ɗago ido. "Ɗana, wallahi na makaranta ne."

"Da wane hannu?"

Bai jira amsa ba. Ya taka wuyan hannun dama da ƙafa, ya danne shi a ƙasa, ya ɗaga ƙarfen sama da kansa ya sake shi. Ƙarar ba ta da girma, kamar an taka busasshen kara. A nan ne tela ya yi ihu, karo na farko. Mutumin ya sunkuya, ya sake ɗagawa, ya sake saki. A karo na uku hannuwansa suka kasa, ƙarfen ya suɓuce gefe. Ya zauna a ƙasa dab da wanda ya nakasa, ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Babu wanda ya san abin da zai yi da su biyun. Wayoyi dai ba su sauka ba.

Ana haka aka samo fetur. Wani ya zo da gudu da shi a robar ruwa, rabin roba, yana ɗaga ta sama kamar ya ci kofi. Ya fara yayyafawa ke nan, har warin ya iso inda nake, sai motar 'yan sanda ta kunno kai ta wajen masu albasa, malamin lissafi a baya yana riƙe da ƙarfe. Suka yi harbi sama. Filin ya watse kamar ba a taɓa taruwa ba, aka bar takalma, da buhun albasa da ya fashe, da mu uku. Wani ɗan sanda ya cire tayar. Da suka ɗaga tela, hannun ya biyo shi yana reto, ba siffar hannu a jikinsa.

A Sakkwato likitoci suka yanke yatsu uku, suka ɗaure sauran da ƙarfe. Ya rayu.

Rahotona ya fita washegari da yamma, bayan an samu muryar shugaban makaranta da ta 'yan sanda. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. An sa shi tsakanin sanarwar ɓatan akuya da tallar maganin basir. Mai shafi kuwa ya goge hoton farko, ya sa wani rubutu mai taken darasi ga masu yaɗa jita-jita, da hotona zaune jikin bango, baki ya kumbura. An yaba masa ƙwarai. Wasan kwaikwayo dai ba a yi ba, shugaba ya ce a yi kacici-kacici.

Hoton telan bai mutu ba. Bayan 'yan watanni ya dawo a wani guruf, an ce a wata jiha ne. Ya sake dawowa da damina, an ce an sake shi ya koma sana'arsa. Duk lokacin da aka kai hari a wani wuri sai wani ya tono shi, da murmushinsa da igiyarsa.

Wannan ne ya sa na shirya aiki na sosai. Editana ya yarda ya ba ni shiri guda cikakke. Mai shafi ma, da na tare shi, ya yi alkawarin zai sa bidiyon a shafinsa, ya ce labarin wanke mutum yana tafiya in an sa fuska. Na ɗauki rikoda da aron waya mai kyamara na tafi Sifawa.

Na same shi a zaure, kan tabarma, ya rame, hannun na naɗe cikin tsumma mai tsabta a cinyarsa. Ya miƙo mini hagu. "Ka yi haƙuri da wagga, Malam, ita ta rage." Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi haƙorina. Aka kawo fura. Na ga yadda yake kokawa da ludayi, na kau da kai.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Zai faɗi abin da ya faru da bakinsa, shugaban makaranta zai yi magana, za a nuna yaran da aka auna. Duk wanda ya ga hoton ƙarya zai ga na gaskiya. Na fito da wayar na fara neman inda haske ya fi.

Ya ce, "Mai da ta aljihu."

"Baba, wanke ka za a yi. Duniya ta san ba ka yi ba."

"Duniya ta san ni? Da can wa ya san ni, in ba mai yagaggen wando ba?" Ya gyara zama. "Ran nan na tafi asibiti wankin ciwo. Cikin mota wani yaro ya dube ni, ya dubi wayarshi, ya sake dubana. Tun daga nan har Sakkwato ban yi numfashin kirki ba. Yanzu gemu ya ƙaru, na rame, an fara wuce ni ba a waiwaya. Kai kuma ka zo ka ɗauki sabuwar fuskar ka ba su."

"Amma wannan da bayani za ta fita."

"Waccan ma da ka yi musu bayani, ina haƙorinka?"

Na ce to a bar hoto, a ɗauki murya kawai, rediyo ba ta nuna kowa. Ya ƙura wa rikodar ido, har na zaci ya yarda.

"Za ka faɗi Sifawa?"

"Sai an faɗi wuri, Baba. Haka aikin yake."

"To a bari. Ina da ɗiya mata cikin gidan ga." Ya tura mini kwanon furar. "Sha, Malam. Kai dai ka sani, ni na sani. Saura ka bar su su manta."

Na mai da rikoda cikin jaka. Muka sha fura, muka yi hirar ruwan bana da tsutsar da ta shiga gero. Da na tashi tafiya ya rako ni iyakar bakin zaure, ya leƙa titi hagu da dama, ya koma ciki.